Giyar Gaisuwar Dinatu

Catford, Landan
11 ga Afrilu, 1976

Zuwa ga Gwaggo Chundung,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da 'yarki Luba da 'ya'yanta da duk mai tambayata a Bukuru. Wanda ba ya tambaya kuwa kada ki ɓata bakinki a kansa. Ni lafiyata ƙalau, sai tarin da sanyin garin nan ya bar mini. Har yanzu ina garejin bas, ina kwashe wa Turawa guntun taba da cingam daga ƙarƙashin kujeru. Labari ya zo mini kina gaya wa mutane wai ni injiniya ne. Ki daina, don Allah.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san a jikin gwangwanin madara da allunan kamfanin kuza na koyi karatu, ba wanda ya taɓa biya mini makaranta. In kin ga harafi ya karkace, haka ya ga dama.

To ga maganar. Na sami yarinya, Gwaggo. Sunanta Dinatu, 'yar Kagoro ce, tana koyon aikin nas a nan. A watan Oktoba za ta gama, kuma gida na kiranta, tunda kuɗin mai ya sa kowace jiha tana gina asibiti. Ƙanen mahaifinta, Baba Kambai, shi ne uba gare ta a ƙasar nan. Aikin jirgin ƙasa yake a Stratford tun ina yawo ba wando. Ya ce in Oktoba ta yi ba a karɓi gaisuwar kowa ba, zai sa ta a jirgi ba alkawarin kowa a kanta. Kuma na ji akwai wani ma'aikacin gwamnati mai sabuwar mota a Kaduna da ke ta aiko da hotonsa.

Ran Lahadi na sa kwat na tafi gidansa da kwalaben giya na kanti, masu tsada ma. Ya dube su, ya dube ni.

"Wannan fa?"

"Giyar gaisuwa, Baba."

"Wa ya dafa?"

"Kamfani."

"Af, kamfani ne ke neman Dinatu?"

Matarsa, Mama Angelina, ta shige kicin tana dariya a cikin zani. Shi kuwa ya gyara zama ya ce a garinsu giyar gaisuwa hannun dangin miji ke dafa ta, a kawo ta da ranta, tana kumfa. Wai in ya sha zai san irin gidan da 'yarsa za ta shiga. "Giyar kanti ba ta da uwa," in ji shi.

Na ce, "Baba, a Landan fa muke. Ina zan sami dawa, a Aldwych?"

Ya ce, "Ka iya samun yarinya a Landan. Nemo giya a Landan."

Raina ya ɓaci, na ce masa ai shi ma da kwat da lema yake zuwa coci, ban gan shi da fatar akuya ba. Dinatu ta taka mini ƙafa har yau yatsan na ciwo.

Gwaggo, ba ni da uwa, ba ni da uba, ke ce dangin. Duk Bukuru an san burukutunki. Ki rubuto mini yadda ake yi tun daga farko, kada ki tsallake komai don kina ganin kowa ya sani. Na bincika, dokar ƙasar nan ba ta hana mutum dafawa a ɗakinsa muddin ba sayarwa zai yi ba. Ki yi sauri, wasiƙa tana cin mako uku a hanya in ta ga dama.

Ɗanki,
Rwang

*

Bukuru
9 ga Mayu

Ɗana Rwang,

Na gode wa Allah da jin kana raye, don shirun ya yi yawa. Muna lafiya. Ruwa ya sauka, mun shuka acca. Luba ta haifi namiji.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na yi dariya, na yi kuka. Yaron da na goya yana neman aure. Amma bakin nan naka, Rwang. Tsohon bai faɗi ƙarya ba, mu ma haka ake yi a gidanmu kafin ka san hanyar jirgi.

Ga yadda nake yi. Ka jiƙa dawa, ka tsame, ka baza ta a inuwa ka rufe da ganye, kana yayyafa ruwa har ta tsira. Ka shanya tsiron ya bushe, ka niƙa. Ka dama da ruwa ka dafa, ka sauke ya kwana ya ɗauki tsami, ka sake dafawa sosai. In ya huce har kana iya tsoma hannu ba ka ji komai ba, ka tace ka zuba gami. Gami shi ne abin da ke kwanciya a gindin tulun tsohuwar giya, shi ke tayar da sabuwa. Nawa daga hannun kakarka na gaje shi, bai taɓa yankewa ba. Na shafa shi a tsumma mai tsabta na shanya. Choji ɗan maƙwabcinmu gwamnati za ta tura shi kwas a garinku ƙarshen wata, zai kawo maka. Ka jiƙa tsumman a ruwan giyar, zai farka. Ta haka hannuna ya shiga ciki, ka gaya wa surukinka.

Abu biyu ka riƙe. Giya ana shanta tana tafasa ba wuta a ƙarƙashinta. In ta yi shiru ta mutu, sai a ba aladu. Na biyu, ba a rowa a gidan surukai. Abin da aka ce ka sa ɗaya, kai ka sa uku.

Mu nan kasuwa ta ja baya. Tun da aka ƙara wa ma'aikata albashi, mazan da suka tsufa a kan bencina sai su wuce ni su tafi otal shan ta kwalba, suna ɗaga mini hannu kamar gwamna. In wata ya yi nisa suna dawowa.

Ka gaida yarinyar. Ka aiko hotonta.

Gwaggonka,
Chundung

*

Catford
20 ga Yuni

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Barka da samun jika. Tarin ya tafi, don wani irin zafi aka shiga a garin nan da ko Turawan ba su san shi ba. Ciyawa ta ƙone, kwalta na manne wa takalmi, maza suna kwance a filin wasa ja wur kamar an yanka rago.

Choji ya iso, ya ba ni tsumman. Na shinshina, sai ga ni a bayan ɗakinki ina satar ɗanɗano da kara. Ban gaya wa kowa ba, amma sai da na zauna.

Dawa babu. Na zaga har kasuwar 'yan Indiya, abin da suka nuna mini abincin tsuntsu ne. Amma ashe Turawa ma suna dafawa a gida. A kantin magani ake sayar da tsiron sha'ir, an riga an dafe shi ya yi kauri kamar zuma a cikin gwangwani, da wani ganye mai ɗaci, da bokitin roba. Na haɗa, na tsoma tsummanki. Washegari bokiti na magana shi kaɗai. Uwaisu, ɗan Zariya da muke raba ɗaki, ɗalibin lissafi ne kuma ba ya wasa da salla, ya ce, "Rwang, ni ban gani ba, ban ji ba, amma ka matsar da shaiɗaninka daga kan gadona."

Sai matsala ta ɓullo. A wurinki mai sha ne ke zuwa gindin tulu. A nan daga Catford zuwa Stratford sai ka hau bas, ka shiga tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, ka ƙetare kogi, kuma ba mai barinka da buɗaɗɗen bokiti. Ga shi Baba Kambai aikinsa na karɓa-karɓa ne, wani mako dare wani mako rana, yau ya ce wannan Lahadin, gobe ya ce ta sama. Kafin ya tsayar da rana giyar ta yi shiru. Na ɗanɗana, kamar shayin jiya. Na zubar a bayan gida ina zagin kowa, na ajiye na gindin bokitin kawai na sake ɗora wata.

Akwai wani tsoho ɗan Ailan a garejinmu, makaniki, da ke dafa tasa a gida. Ya ce su dabararsu ita ce a zuba giyar a kwalba, a sa mata rabin ƙaramin cokali na sukari, a toshe. Gamin da ya rage a ciki zai ci sukarin ya yi numfashi, numfashin ya rasa hanyar fita ya zauna a cikin giyar. Ranar da ka buɗe sai ta taso da kumfa kamar yanzu aka sauke. Yana cikin wani dogon bayani aka kira ni wankin bas, na bar shi yana magana. Ai na riga na gane.

Rabin cokali! Mutanen da ke ƙirga wa baƙo dankali a faranti, me za su sani? Na tuna maganarki, ba a rowa a gidan surukai. Na zuba cokali uku cike a kowace kwalba. Kuma ban jira ta mutu kamar ta farko ba, tana tsakiyar tafasa na ɗura ta, don kin ce in ta yi shiru sai aladu. Kwalabe na tsinto a bayan shagon lemo, na wanke, na buga musu murfi da guduma. Suna nan jere a ƙarƙashin gado kamar sojoji.

An tsayar da Lahadi ta biyu a watan Yuli. Tsohon nan ya nemi giya mai rai, zai ga rai.

Ga hoton Dinatu. Ta fi haka kyau, mai hoton ne ba shi da hannu.

Rwang

*

Bukuru
3 ga Yuli

Rwang,

Yanzun nan aka kawo wasiƙarka, ban ko wanke hannu ba. Gaisuwa daga baya.

Ka buɗe kwalaben nan. Yau, ba gobe ba. Ni ban san aikin kwalba ba, amma na san abin da ke cikin tuluna. Wata shekara Luba ta ɗaure bakin ƙaramin tulu da fata don kada ƙuda ya faɗa, giyar na tafasa, tulun ya rabe biyu a tsakar gida. Abin da ke numfashi ba a toshe masa hanci. Kai kuma har ka ƙara masa abinci.

Ka koma wurin Baturen ka ji ƙarshen maganarsa.

Allah ya sa takardar nan ta riga Lahadin.

Chundung

*

Catford
6 ga Yuli

Gwaggo,

Ina fata kina lafiya. Ni ba na lafiya, kuma ke kika jawo.

Kawun Uwaisu, wani Alhaji Almu, ya zo daga gida ganin likita da sayen kaya, irin masu kuɗin nan na yanzu da ke sayen firji biyu don ɗaya ya ji kewa. Zai sauka a ɗakinmu. Uwaisu ya roƙe ni har da riƙe hannu in fitar da kwalaben. To ina zan kai su? Na zuba su a akwatin katako na kai Stratford, na ce wa Mama Angelina a ajiye mini kafin ranar. Ta karɓa da murna, ta sa su a falo gindin taga, inda rana ke kwana, ta rufe da farin mayafin tebur don kada su ɓata ado.

Shekaranjiya Lahadi, bayan an taso coci, falon cike da baƙi. Har da mai wa'azi da matarsa. Ni ma ina nan, na je gaisuwa, ina zaune a bakin ƙofa kamar mutumin kirki. Ana cikin addu'ar abinci sai muka ji tau! Mai wa'azi ya faɗa bayan kujera. Wata mata ta yi ihu wai 'yan bam ne. Kafin a ce me, tau, tau, tau! Ɗaya na tashi tana tayar da 'yar'uwarta. Mayafin ya yi sama. Giya a silin, giya a labule, giya a cikin tuwon shinkafa, giya a kan Littafi. Ƙamshin kuwa, Gwaggo, naki ne sak, wannan kam ba ƙarya.

Baba Kambai ya tashi zai janye wata yarinya daga wurin, gilashi ya yanke shi a ƙwauri. Jini har cikin takalmi. Dinatu ta ɗaure masa da tawul, aka kai shi asibiti aka ɗinke.

Da ya dawo ina nan ina share gilashi. Ya tsaya da sanda yana kallon silin. Da ya zage ni da na ji daɗi. Shirun ne ya ci ni, sai na ji bakina ya ce, "Ai kai ka ce a kawo ta da rai."

Mama Angelina ta ce, "Wayyo, yaron nan."

Shi kuwa ya nuna mini ƙofa da sandar. Dinatu ta biyo ni har bakin titi, na ɗauka lallashina za ta yi. Ta ce, "Gilashin ban riƙe ka da shi ba, Rwang. Bakin nan ne ban san ko zan iya zama da shi ba." Ta juya. Na buga waya hostel ɗinsu sau ba adadi, kullum wai tana duty.

Ke kika ce in sa uku. Ke kika ce in ta yi shiru ta mutu. Na bi maganarki kamar Littafi, ga inda ta kai ni. Shekara nawa kina dafa giya ba ki san tana fashewa ba? Yanzu sai ki gaya wa mutanen Bukuru injiniyanku ya rusa gidan surukinsa. Mai motar Kaduna ya ci banza.

Kada ki aiko mini da wata shawara.

Rwang

Ƙari, ran 19. Ban sa wannan a akwatin gidan waya ba sai yau, don ba ni da ko ƙarfin sayen kan sarki. Da safe taki ta ran uku ta iso. Na karanta. Ban goge abin da na rubuta a sama ba, don ki ga irin ɗan da kika goya.

*

Bukuru
8 ga Agusta

Ɗana Rwang,

Muna lafiya, acca ta yi kyau. Yaya ƙafar tsohon? Ita ya kamata ka fara faɗa mini, ba zafin ranka ba.

Na ga zagin, na ga ƙarin. Ƙarin na riƙe.

Da na ce ka sa uku, kwalabe nake nufi, da kaji, da goro, abin da ido ke gani a san ba matsiyaci ne ya zo ba. Yaushe ka taɓa ganin sukari a rumfata? Amma ni ma da laifina. Na koya maka giyar da ake sha a gindin tulu, ban yi tunanin taka sai ta hau jirgin ƙasa ba. Wannan ban san ta ba, kuma ba zan yi kamar na sani ba. Baturen ya sani. Kai kuma ka ji rabin magana ka tashi, kamar yadda ka saba tun kana yaro. Akan aike ka kasuwa ka fita da gudu kafin a faɗa maka abin da za ka sayo.

Ka ce kada in ba ka shawara. To ba shawara ba ce, aike ne. Ka sayi fenti ka tafi gidan mutumin nan. Kada ka ce ka zo neman aure, kada ka ce ka zo ba da haƙuri da dogon Turanci. Ka ce ka zo gyara abin da ka ɓata. Duk abin da ya faɗa maka ka haɗiye, ko da ƙaya ne. In ya kore ka, ka koma Asabar ta gaba.

Yarinyar na ga hotonta. Mai irin wannan idon ba ta faɗin magana don ta ji daɗin bakinta. Amma da ta gama da kai, da ba ta biyo ka titi ba.

In na gindin bokitin yana nan, ka sake ɗorawa.

Gwaggonka

*

Catford
12 ga Satumba

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafar Baba Kambai ta warke, an cire zare, sai tabo. Kin ga na fara da ita. Ruwa ya dawo garin nan kamar da bakin ƙwarya, Turawa sun koma ƙorafin da suka saba.

Na je da fentin. Asabar ta farko ya buɗe ƙofa, ya ga bokiti a hannuna, ya ja baya ya ce, "Wannan ma fashewa yake?" Na ce a'a, Baba. Ya bar ni na shiga. Ya ja kujera ya zauna a tsakiyar falo yana kallona a kan tsani, yana nuna wurare da sanda. "Ka bar can. Nan ya yi kauri. Ashe haka ake fenti a Bukuru? Shi ya sa kuza ta ƙare." Gwaggo, amsoshi sun zo mini har guda nawa, masu daɗi, waɗanda da na faɗa sai an yi shekara ana maimaitawa. Na cije su. Harshena har ya yi ƙurji.

Tabon giya taurin kai gare shi, kana shafawa yana sake fitowa, sai da na yi ta komawa. Asabar ta uku Mama Angelina ta ajiye mini abinci a kan matakala. Ta huɗu ya ce in sauko mu ci tare. Muna ci ya ce mahaifiyarsa ma mai dafawa ce, kuma rabonsa da jin wannan ƙamshin tun da ya bar gida. "Amma ban ce a zuba mini shi a ka ba."

Na koma wurin ɗan Ailan, na saya masa shayi, na zauna har ya gama. Ya yi dariya har ya share hawaye da tsumman mai. Ya ce sai an bar giyar ta cinye abincinta duka a bokiti, ta yi shiru, ta kwanta ta washe. Ba mutuwa ta yi ba, barci ne. Sannan a ba ta rabin cokalin nan, guzurin da zai ishe ta ta farka a cikin kwalba, ba wanda zai sa ta hauka ba. Kwalba kuma sai mai kauri wadda aka yi don giya, ba ta lemo ba, a bar mata wuri a wuya. A ajiye a ɗumi kwanaki kaɗan, a mayar wuri mai sanyi, a manta da ita. Duk wannan yana bakinsa ran nan da na tashi.

Kallon bokitin nan yana yin shiru ya fi fentin wuya. Kullum hannuna na ƙaiƙayi. Uwaisu ya ce, "Ka je ka yi yawo mana, kana tsaye a kanta kamar mai jiran naƙuda."

Ran da zan ɗura, Dinatu ta zo. Ban kira ta ba, Mama Angelina ce ta gaya mata. Ba ta gaishe ni da kyau ba. Ta fito da cokalin ba da magani daga jakarta, ta ce, "Matsa. Kai ba a ba ka awo." Tana ɗiba tana share kan cokalin da wuƙa, ni ina toshewa. Ta zauna har kwalba ta ƙarshe.

Suna cikin rumbun gawayi a ƙasan gida. Jirginta ran ashirin da uku ga Oktoba. Baba ya ce in zo Lahadin ƙarshe kafin tafiyarta, in zo da wani nawa. Choji ya yarda zai tsaya mini. Ki sa mu a addu'a, ni ban iya ta sosai ba.

Rwang

*

Catford
18 ga Oktoba

Gwaggo Chundung,

Ina gaishe ki da kyau, ke da gida duka. Lafiya lau nake. Ki zauna kafin ki karanta.

Jiya muka je, ni da Choji, da kwalaben a naɗe cikin bargo, da kaji uku daga kasuwa, da goro. A cikin tube na rungume akwatin kamar jariri, duk inda jirgi ya girgiza sai in ƙara ƙanƙame shi.

Baba Kambai bai bar mu mun shiga falo da su ba. Ya ce a kai bayan gida, wurin da suke shanya. Aka ajiye kwalba ɗaya a kan bulo a tsakiyar fili. Shi ya tsaya daga bakin ƙofar kicin, mata a bayansa, Mama Angelina riƙe da murfin tukunya a gaban fuskarta. Maƙwabciyarsu Baturiya ta leƙo ta taga.

"Mai abu shi ke buɗewa," in ji Baba.

Choji, ɗan'uwan kirki, ya ja baya har jikin katanga.

Na durƙusa. Mabuɗin ya zame sau biyu. Na uku murfin ya ɗaga, sai ta ce tsss, a hankali, kamar mai hana yaro surutu a coci. Wani ɗan hayaƙi ya fito daga wuyan. Shi ke nan. Na tsiyaya a ƙwaryar da Mama Angelina ta ajiye tun zuwansu ƙasar nan, kumfa ta taso fara, ta tsaya daidai baki ba ta zube ba.

Choji ya dawo da bakinsa, ya yi jawabi ya ce wannan daga hannun Chundung ta Bukuru ne, da gamin uwarta, ta hannun ɗanta. Na sha farko kamar yadda ake yi, na miƙa da hannu biyu.

Tsohon ya shinshina. Ya kurɓa. Ya daɗe yana juya ta a baki.

"Ba ta kai ta gida ba," ya ce.

Gwaggo, amsa ta zo har bakin haƙorana. Na ji ta, da zafinta. Kowa ya zuba mini ido, har Baturiyar taga. Na ce, "Gaskiya ne, Baba."

Ya ci gaba da kallona, yana jira ko akwai saura. Babu. Sai ya kafa kai ya shanye, ya goge kumfa daga gashin bakinsa, ya miƙo ƙwaryar ya ce, "Ƙaro. Ku kira mini Dinatu."

Ta fito da zani da ɗankwali, ta durƙusa. Ya ba ta ƙwaryar ya ce a garinsu yarinya ce ke da maganar ƙarshe. In ba ta so, ta ajiye a ƙasa, ba mai tambayarta dalili. In tana so, ta kurɓa ta miƙa wa mai ita. Dinatu ba ta taɓa shan giya ba a rayuwarta, 'yar mawaƙan coci ce. Ta riƙe ƙwaryar ta daɗe. Sannan ta kurɓa. Ta yamutsa fuska kamar an ba ta maganin zazzaɓi, ta yi tari, ta ce, "Kai! A kan wannan abin kuka kusa kashe Baba?"

Kowa ya fashe da dariya, har shi. Ta taso ta zo inda nake, ta sa mini ƙwaryar a hannu, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Riƙe da kyau. Ban iya sha sau biyu ba."

Ran Asabar za ta tashi, ni zan kai ta filin jirgi. Baba ya rubuta wa mahaifinta a sa ranar biki bayan Ista a Kagoro. Na riga na gaya wa manajan gareji ya fara neman wani mai wankin bas. Za ta biyo ta Bukuru ta gaishe ki kafin ta wuce gida. Ki karɓe ta, 'yarki ce yanzu.

Ɗanki,
Rwang